Amsa: Me ya sa bokitanmu ke tsagewa?

Malam, ka ce a masana'antarku ta Gusau bokitan da kuke bugawa da niƙaƙƙiyar tsohuwar roba suna tsagewa a bakin mariƙi, wasu ma da farin zane a jiki.

Kafin ka zargi inji, duba robar. Galibin bokiti da nau'in robar da ake kira PP ake yi, mai lamba 5 a tambarin da ke jikin kayan roba. In wani nau'in robar, HDPE mai lamba 2, ta yi yawa a ciki, ba sa haɗuwa sosai, sai kayan ya yi rauni. Gorar ruwa ta PET ta fi ɓarna, don sai wajen digiri 250 take narkewa. Zuba niƙaƙƙen cikin bahon ruwa: PP da HDPE za su taso, PET da PVC (robar da ake yin bututun ruwa da ita) su nutse. PVC kam kada ta shiga inji, hayaƙinta na cin ƙarfe, yana cutar da ma'aikata.

Farin zanen nan yawanci danshi ne. A shanya robar ta bushe ƙarau.

Kuskuren da na fi gani shi ne ƙara wuta. PP ba ta buƙatar wuce digiri 200 zuwa 250, yawan zafi na cinye ƙarfinta. A gauraya da sabuwa kuma.

In duk da haka wuri ɗaya yake tsagewa, matsalar mol ce, wato ƙarfen da ke fitar da siffar bokitin, sai ka kira injiniyansa.