Ya Amsa Laifi Bayan An Dake Shi, Yanzu Ni Ake Neman Kai Wa Kotu

Tambaya: Barista, kaya sun ɓace a ma'ajiyata, na zargi yaron da ke riƙe da makulli, na kai shi wurin 'yan sanda. Ya yi ta rantse-rantse bai ɗauka ba. Na ce wa jami'in a matsa masa, ina tsaye aka rataye shi aka dake shi har ya ce shi ne. Kayan dai har yau ba a gano su ba. Yanzu lauyan iyayensa ya aiko mini takarda yana neman diyya. Ai ɓarawo ba ya amsa laifi da lallashi, kuma da bakinsa ya amsa. Mene ne laifina?

Amsa: Alhaji, ban ga takardar lauyan ba, ban kuma ji ta bakin yaron ko jami'in ba, saboda haka a kan labarinka kaɗai zan yi magana. Amma idan yadda ka faɗa haka abin ya faru, kai ne a tsaka mai wuya fiye da yaron.

Ka ɗauka amsa laifin nan ita ce babbar hujjarka. Da wuya ta yi maka amfani a kotu. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce da zarar wanda ake tuhuma ya yi ƙorafin cewa da zalunci aka karɓi ikirarinsa, sai mai gabatar da ƙara ya gamsar da kotu, ba tare da wani kokwanto ba, cewa ba haka aka yi ba. Dokar ta ambaci azabtarwa a cikin abin da take kira zalunci, kuma ta ce ko da abin da mutumin ya faɗa gaskiya ne, ba za a karɓa ba. Alƙali zai dakatar da shari'ar ya yi wata ƙarama a kan wannan batu kaɗai, kamar yadda aka saba. Za a tambaya ko an ɗauki bayanin a bidiyo, ko akwai lauya a wurin, kamar yadda Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da takwarorinta na jihohi suka tanada. Jami'in da ya rataye mutum ban tsammanin ya kunna kyamara. Da a ce bayaninsa ya kai ga gano kayan, da akwai ɗan abin da lauya zai yi gardama a kai. Ba a gano komai ba.

Sai batun kai kanka. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana azabtar da kowa, bai keɓe ɓarawo ba. Dokar Haramta Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, kuma ba ta tsaya kan wanda ya riƙe sanda ba: tana iya hawa kan wanda aka yi a gabansa. Da ƙara kawai ka kai ka koma gida, da ba ka da damuwa sosai, don kotuna ba sa hukunta mutum a kan ya kai rahoto da zuciya ɗaya. Kalmar nan taka ta "a matsa masa" da tsayuwarka a wurin su ne matsalar. Yadda kotu za ta ɗauke su ya danganta da shaidu da rahoton likita, ba zan yanke maka ba.

Maganarka cewa ɓarawo ba ya amsawa sai ya ji jiki, ina jin ta kullum, har daga bakin masu ilimi. Duka yana sa mutum ya yi magana, babu musu. Abin da ba ya iya yi shi ne ya bambance maka mai laifi da marar laifi, don dukansu abu ɗaya za su faɗa a sauke su. Ka duba naka: ya ce shi ne, to ina kayan? Mai yiwuwa ya ɗauka ya ɓoye, mai yiwuwa bai san komai ba, kuma yau ba ka fi ranar farko sanin gaskiya ba. A Amurka kwamitin Majalisar Dattawa ya binciki yadda hukumar leƙen asiri ta CIA ta riƙa gallaza wa waɗanda ake zargi da ta'addanci, rahotonsa na 2014 ya ce hanyar ba ta yi tasiri wajen samo bayanai ba, kodayake hukumar ta yi jayayya da hakan.

Ko da duka yana aiki ma, doka ta rufe ƙofar. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 kan haramta azabtarwa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2001, ta ce babu uzuri ko ɗaya, ko yaƙi ne ko dokar ta-ɓaci. A Jamus a 2002 an sace wani yaro ɗan shekara 11 a Frankfurt. Mataimakin shugaban 'yan sandan birnin, yana zaton yaron na da rai, ya sa aka yi wa wanda ake zargi barazanar azaba don ya faɗi inda yake. Barazana ce kawai aka tabbatar a kotu. Duk da haka kotun Jamus ta sami jami'in da laifi, kuma a 2010 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an keta haƙƙin mutumin. Mutane da dama sun tausaya wa jami'in, ni ma na fahimci dalilinsu. Amma idan ran yaro bai zama uzuri a gaban alƙali ba, kayan ma'ajiya ba za su zama ba.

Shawarata ita ce sulhu, da wuri. Ina zaton adadin da lauyan nasu ya rubuta ya zarce abin da suke sa ran samu, haka irin waɗannan takardu suke zuwa, kada ya tayar maka da hankali. Ka bar lauyanka ya amsa, a zauna da wani dattijo ko a cibiyar sasanci ta kotu, a yi maganar kuɗin magani da diyya, a rubuta. Ka sani fa, sulhu na iya kashe ƙarar diyya, amma ba lallai ya ɗaure hannun hukuma ba idan ta ga damar gurfanar da ku.

Ƙarar satar kana da ikon ci gaba da ita idan kana da wata hujja ta daban, kamar littafin shiga da fitar kaya ko wanda ya gani da ido. Kafin nan kada ka kira yaron ko iyayensa, kada ka koma wurin jami'in ku daidaita baki, kada kuma ka sake ba kowa labarin nan yadda ka ba ni sai lauyanka. Ka kai masa takardar da littafin ma'ajiyar kafin wa'adin da suka ba ka ya cika.