Tambayoyinku Kan Fasaha: Ina Sauran Gig Ɗina Suka Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi faifan ajiya a Terminus, kwalinsa an rubuta 1TB, amma da na jona shi a kwamfuta sai ta nuna 931GB. Mai shagon ya cuce ni ne? Daga wani mai ɗaukar hoto a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ko bayit ɗaya ba a rage maka ba. Hatsi ɗaya ne aka auna da mudu biyu, wani ya ɗan fi wani zurfi.

Masu ƙera faifai da dubu suke lissafi: kilo 1,000, mega miliyan ɗaya, giga biliyan ɗaya, tera (TB ɗin da ke kwalinka) tiriliyan ɗaya. Haka tsarin awo na duniya, SI, wanda aka amince da shi a 1960, ya tanada, shi ya sa kilomita take mita 1,000, kilogiram kuma giram 1,000. Ita kuwa Windows da 1,024 take ƙirgawa, saboda kwamfuta da ninkin biyu take aiki. A wurinta giga ɗaya bayit 1,073,741,824 ne. Raba bayit tiriliyan ɗaya da wannan adadi, 931 ɗin nan naka zai fito. Filashi mai 64GB ma wajen 59 yake nunawa.

Tun 1998 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta raba gardamar, ta ce mai 1,024 a kira shi gibibayit, a rubuta GiB. Kwamfutocin Mac sun koma lissafin dubu a 2009, Windows dai har yau GB take rubutawa. A ganina ya kamata a ce an gyara wannan tuntuni, don ya sha haɗa mai saye da mai sayarwa faɗa a banza.

Cutar gaske tana wani wuri: filashi mai arha da aka yi wa dabara yake nuna girman da ba shi da shi. Ka zuba hotunan biki, washegari ka tarar rabinsu ba sa buɗuwa. Tunda abincinka a nan yake, gwada duk sabon filashi da manhajar H2testw kafin ka ɗora masa aikin mutane.

Tambaya: Malam, fawabank ɗina 20,000mAh ne, batirin wayata 5,000mAh. Ai sau huɗu ya kamata ya cika ta, amma da ƙyar yake kai uku. Daga wata ɗaliba a Bukuru.

Amsa: Malama, lissafinki daidai ne a takarda, sai dai mAh yawan caji kawai yake aunawa. Abin da yake aunar ƙarfin da aka tara shi ne Wh, wato a ninka cajin da bolt. Juya fawabank ɗinki ki karanta ƙananan rubutun da ke bayansa, za ki ga 3.7V, galibi da 74Wh a gefe. Wannan 74 ɗin shi ne ainihin abin da ke ciki. Kafin wutar ta fita ta kebul sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko sama, wayar kuma ta sake sauke ta daidai batirinta. Kowane juyi yana cin wani abu, kuma ɗumin da kike ji a tafin hannunki lokacin caji shi ne wutar da ta salwanta. Sau uku, lafiyarsa ƙalau. In ko biyu ba ya kaiwa, to ko batirin ya gaji ko lambar jikinsa ƙarya ce.

Idan tafiya ta kama ki ta jirgi, 100Wh ne iyakar da aka saba bari ba tare da neman izini ba, kimanin 27,000mAh ke nan, kuma a jakar hannu ake riƙe shi.

Tambaya: An ce intanet ɗin shagonmu 40Mbps ne, amma ina sauke fayil sai na ga 5MB/s. Daga Farin Gada.

Amsa: Duba harafin da kyau. Ƙaramin b bit ne, babban B bayit, kuma bit 8 ne bayit ɗaya. Raba 40 da 8, ka samu 5. Abin da ka biya shi kake samu cif.