Batirin katin ne zai ba ka amsa

Yaro, ka ce ka haɗa faifai huɗu a RAID 5, tsarin da faifai ke aiki kamar ɗaya kuma ko ɗaya ya lalace bayanai ba sa ɓacewa, a sabar nan ta Dell, babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis, rubutu yana jan ƙafa, ka leƙa saitin katin PERC, mai sarrafa faifan, ka tarar da Write Through da Write Back, wanne za ka ɗauka? Kada ka taɓa ko ɗaya sai ka duba batirin katin.

Katin yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa, giga 1 ko 2, wasu har 8. A Write Through ba ya cewa "an rubuta" sai bayanan sun sauka kan faifai. A Write Back kuwa, da sun shiga ƙwaƙwalwar ya amsa, saukewa sai ya samu sarari. Kamar mai shago ne da ka biya shi bashi ya ce "na goge", alhali ko littafin bai buɗe ba. In NEPA ta ɗauke wuta a wannan tsakanin, abin da ke ƙwaƙwalwar ya bi iska, rumbun bayanai kuma ya riga ya sakankance an ajiye masa.

RAID 5 ɗinka ma yana da hannu a jinkirin. Ƙaramin rubutu ɗaya aiki huɗu ne: a karanto tsohon bayani, a karanto lissafin kariya, wanda da shi ake sake gina bayanan in faifai ɗaya ya lalace, a rubuta sabbin biyun. A RAID 6 shida ne. Write Back ke ba katin damar tara ƙananan ya sauke su lokaci guda, don haka shi muke so, muddin batiri na da rai.

Tsofaffin katuna batirin lithiyam ke riƙe musu ƙwaƙwalwa, kwana biyu zuwa uku in yana sabo, zafin ɗakunanmu kuwa da wuri yake cinye shi. Na zamani, irin masu CacheVault na MegaRAID ko FBWC na HP, kafasita gare su, wata 'yar ma'ajiyar wuta ta ɗan lokaci: wuta na ɗaukewa sai a kwashe komai zuwa filash, ƙwaƙwalwar da ba ta mantuwa ko babu wuta. In batiri ya yi rauni, katin da kansa yake komawa Write Through. Tsofaffin ma sukan yi haka duk kwana 90, lokacin da suke gwajin batirin, sai ka ji ofis ya ɗauki ƙorafi wai saba ta yi nauyi. Ƙyale ta, za ta dawo.

A nan yara ke faɗawa rami. Akwai zaɓi na uku, Force Write Back, wasu katunan su ce Always, wato a ci gaba ko batiri ya mutu. Na taɓa kunna shi a wani ofis, ina ganin ai akwai UPS. Ran nan janareta ya ƙi tashi, UPS ɗin ya yi ƙara sau biyu ya mutu. Kwana uku ina kwana kan benci ina dawo da lissafin albashi daga ajiyar jiya. UPS ba ya tsare ka in akwatin wutar sabar ya ƙone, ko wani ya yi tuntuɓe da waya.

Su ma faifan kowanne da tasa ƙwaƙwalwar, batirin katin kuma bai kai can ba. Kashe ta a saitin Disk Cache Policy, sai dai in SSD ne na saba masu kafasitarsu.

Yanzu je ka buga umarnin da ke nuna lafiyar batirin, perccli /c0/bbu show all, ka ɗauko min hoton allon a wayarka. In na ga Optimal, wato batirin lafiya lau, mu kunna Write Back tare bayan La'asar, in ma'aikata sun tashi.