Tseren Formula 1: idan Lahadi kaɗai kake kallo, ka bar rabin wasan a baya

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce ka zauna kallon Formula 1 ranar Lahadi a Aboabo, motoci sai zagayawa suke yi, har barci ya ɗauke ka, kuma kana son sanin me ya sa ake cin kwana uku a kan tsere ɗaya. Ni aikina gyaran mota a Magajin na Suame, unguwar makanikai a Kumasi, kuma na daɗe ina bin wannan wasa, don haka bari in ba ka abin da na fahimta.

Ranar Juma'a gwaji ake yi, zama biyu, kowanne awa ɗaya, sai na uku da safiyar Asabar. Ba maki a ciki. Injiniyoyi ne ke auna yadda motar ta zauna a kan wannan titin, ko fukafukan gaba da bayan motar, masu sa iska ta danna ta ƙasa, sun yi tsayi, ko taya na saurin cinyewa. Idan tseren a Turai ne, zaman farko yakan zo dab da lokacin masallaci a wajenmu, to ka tafi Juma'arka hankali kwance, ba ka rasa abin kirki ba.

Asabar ce ba na yarda ta wuce ni. Ranar ake neman gurbin tashi, kowa shi da agogo. Kashi uku ne: a na farko a zubar da na baya, a na biyu a sake zubarwa, goma su rage su nemi layin gaba. Mai kaɗan ne a tanki, taya sabuwa mai laushi, direba ba ya tattalin komai. Sau da yawa tsakanin na ɗaya da na biyu bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai gyara shi ne, da zarar an fara wannan zama, doka ta hana a sake saitin motar sai ƙananan abubuwa. Abin da ka ɗaure ranar Asabar da shi za ka yi tsere ranar Lahadi, ko ya yi maka ko bai yi ba. A Monako kuwa, inda titin cikin gari ne mai ƙunci, wanda ya samu gaba ranar Asabar da wuya a ƙwace masa, shi ya sa masu wasan suka fi jin tsoron Asabar ɗin can fiye da Lahadinta.

Tseren kansa kimanin kilomita 305 ne, na Monako kuma wajen 260. Na ɗaya ya samu maki 25, na biyu 18, na uku 15, har zuwa na goma mai maki 1. Wasu makonnin ana ƙara gajeren tsere na kilomita 100, wanda aka fara a 2021.

Yanzu ga abin da ya sa barci ya ɗauke ka: motocin kake kallo. Ka mayar da idonka kan jerin sunayen da ke gefen hagu na talabijin, inda ake nuna tazarar da ke tsakanin direbobi, sannan ka lura da launin da ke jikin taya. Ja mai laushi ce, tana da gudu amma ba ta jimawa. Rawaya matsakaiciya. Fara mai tauri, tana daɗewa amma ba ta kama titi sosai. Kore da shuɗiya na ruwan sama ne. Idan ba a yi ruwa ba, dole kowa ya yi amfani da iri biyu, ke nan dole ya tsaya aƙalla sau ɗaya. Tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tsere, don haka lissafin duka ya koma kan taya da lokacin da za a canza ta.

Canjin tayar ma abin kallo ne. Mu a shago, kafin yaro ya ɗauko jak ya kwance ƙafa ɗaya an sha shayi an gama. Su kuwa mutum uku ne a kan kowace taya, ɗaya da bindigar kwance noti, ɗaya ya cire, ɗaya ya saka, noti ɗaya tal a tsakiya, cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya mota ta tashi. Ƙungiyar McLaren sun yi a daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Amma shiga da fita gaba ɗaya na cin daƙiƙa 20 ko fiye, saboda akwai iyakar gudu a layin da ake shiga don canjin taya, kuma wannan asarar ce ake ta lissafi a kanta.

Ka nemi tseren Hungari na 2019 ka kalla, shi zai buɗe maka ido. Verstappen, direban ƙungiyar Red Bull, na gaba, Hamilton, direban ƙungiyar Mercedes, na bayansa ya kasa wucewa. Sai Mercedes suka kira Hamilton ya sake canza taya a zagaye na 48 cikin 70. Ya fito da tazarar wajen daƙiƙa 20, mu da muke kallo muka ce sun zubar da tseren. Sai tazarar ta fara raguwa a allo, zagaye bayan zagaye, tayoyin Verstappen suna mutuwa, har Hamilton ya wuce shi a zagaye na 67. Wanda ke kallon motoci kawai wucewa ɗaya ya gani. Wanda ke kallon lambobi kuwa ya yi kusan rabin awa zuciyarsa na bugawa. A ganina wannan ya fi kowane haɗari daɗin kallo, kuma ba na son yadda wasu ke zama jiran mota ta kife, alhali ɗan adam ne a ciki.

Ka kuma sa ido idan motar tsaro ta fito bayan haɗari. Kowa na rage gudu, tazarar da mutum ya sha wuya ya tara ta narke, canjin taya kuma ya yi arha. Haka aka yi a Abu Dabi a 2021, Verstappen ya sa sabuwar taya mai laushi, Hamilton na kan tsohuwa, Verstappen ya wuce shi ya ƙwace kambun shekarar a zagayen ƙarshe. Har yau idan aka tayar da maganar a shagonmu sai murya ta tashi.

Game da lokaci, mu a Gana mun yi sa'a. Yawancin tseren Turai ƙarfe 1 na rana yake farawa a agogonmu, na Ingila ƙarfe 2, sai ka yi azahar da wuri. Na Japan da Ostareliya da asuba ne, na Meziko da yawancin na Amurka da dare. SuperSport na nunawa a DStv. Afirka dai rabonta da tseren tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993, abin da ke damuna ƙwarai.

Makon tsere mai zuwa ka fara da Asabar, ka zaɓi direba ɗaya, ko da na tsakiya ne, ka bi tazararsa da tayarsa daga farko har ƙarshe. Idan wani abu ya shige maka duhu ka rubuto a nan, in sha Allah zan amsa bayan na tashi daga aiki.