Ruwan taba a kan yarinya, da sauran tambayoyinku kan maganin ƙwari

Likita, ina zuba barkono da ganyen darbejiya a buhun wake don ƙwari. Akwai illa in an ci? Manomi, daga Gaya.

Babu, Malam, a dai wanke kafin a dafa. Darbejiya tana da sinadarin azadiraktin mai hana ƙwaro ci da girma. In da hali ka sayi buhun PICS mai ciki uku, rashin iska ke kashe ƙwaron. Sniper kuwa kada ya kusanci abin da za a ci.

Muna turara ɓawon lemo don sauro. Ya isa?

Bai isa ba. Hayaƙin zai ƙare, sauron maleriya kuma cikin dare yake cizo. Ku shiga gidan sauro. Mai asma kada a turara masa komai.

'Yata mai shekara 4 tana da ƙwarƙwata. Maƙwabciya ta ce in jiƙa garin taba in shafa mata, in ɗaure kan ta kwana, wai ai ganye ne. Wata uwa, daga Maraɗi.

Hajiya, don Allah kada ki yi. Wannan magana ta "ai ganye ne" tana ci mini tuwo a ƙwarya. Taba tana kashe ƙwarƙwata don tana ɗauke da nikotin, gubar da aka daɗe ana feshin gona da ita, har Amurka ta daina sayar da ita a matsayin maganin ƙwari a 2014. Nikotin yana ratsa fata ya shiga jini. Manoman da ke tsinkar ganyen taba da raɓa sukan kwanta da amai da jiri, manya ke nan, balle yarinyar da susa ta riga ta yi wa kai miki, aka kuma ɗaure shi har safe.

In an riga an shafa, a wanke kan da sabulu da ruwa mai yawa, a cire kayan jikinta, a tafi asibiti nan take. Amai, dalalar yawu, zufa ko kasala sun isa dalili, kada a jira jijjiga ko sarƙewar numfashi. Ban da manja, ban da madara, ban da tura yatsa a maƙogwaro. Asibiti kawai.

Don ƙwarƙwatar, ki nemi maganin shafawa na fametirin mai kashi 1 cikin 100 a kemis mai rajista. Daga gubar furen fairetiram da ake nomawa a Kenya aka kwaikwayo shi, amma an auna shi daidai da fatar mutum. Minti 10 sai a wanke, a tsefe, a taje da ƙaramin mataji, a maimaita bayan mako guda. Ki duba kawunan sauran yaran gidan. In kan ya yi ƙuraje ko yana ruwa, kawo ta asibiti tukuna.