Tambayi Inna Ungozoma: Tanadin Jinin Al'ada Idan Zaman Gida Ya Gagara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Maru. Sau biyu 'yan bindiga suna tashin mu. A na ƙarshe mun yi wata huɗu a wani kango a Gusau, gida uku cikin ɗaki biyu. Yanzu mun koma saboda noma, amma zaman ɗar-ɗar ne. Ina da ɗiya mata biyu, babbar ta fara fashin salla, ƙaramar shekararta 11. A wancan zama babbar ta yi kwana uku ba ta tashi daga tabarma ba, zaninta ya ɓaci, babu auduga, babu inda za ta yi shanya. Me zan tanada tun yanzu, ga shi ƙarfina kaɗan ne? Don Allah a sakaya sunana.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya sa ku girbe abin da kuka shuka cikin kwanciyar hankali. Kin yi daidai da kika yi tambayar nan tun kina gida, don ranar gudu babu mai tsayawa neman tsumma.

Bari mu yi lissafi tare. Ku uku ne, na haɗa da ƙaramar, saboda yarinya mai shekara 11 tana iya farawa kowane wata. Mu ce kowace tana yin kwana 5. Ana so a canza auduga duk bayan awa 4 zuwa 6, wato kamar guda 4 a rana. Guda 20 ke nan ga mace ɗaya a wata, 60 gare ku duka, wata huɗun da kuka yi a Gusau kuma 240. Ko da kina da kuɗin, ba za ki iya ɗaukar wannan kaya a kai ba ga goyo a baya. Kuma kin tuna watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako-mako? A ƙauyuka mai kuɗi ma ya rasa inda zai saya, na birni kuma ya kasa turo wa 'yan uwansa ko sisi. Saboda haka audugar kanti ki ajiye fakiti biyu ko uku kawai, don kwanakin da kuke kan hanya da farkon sauka, lokacin da babu ruwa babu wurin wanki. Sauran zaman duka ƙunzugu ne zai riƙe ku.

Na san 'yan matan yanzu suna yi wa ƙunzugu kallon abin ƙauyanci. Na yi aikin ungozoma har na yi ritaya, kuma ina gaya miki ƙunzugu mai tsabta ba ya cutar da kowa. Abin da ke kawo ƙaiƙayi da wari da saɓar fata shi ne tsumma mai datti, ko wanda bai bushe ba aka mayar da shi jiki. Ki nemi tsohuwar atamfa ta auduga zalla wadda ta sha wanki ta yi laushi, ko tsohon tawul. Kada ki yi amfani da leshi ko yadi mai santsi irin na roba, ba ya shan jini, zafi kawai yake tarawa. Ki yanka kowane ƙyalle ya kai kamar kamu biyu tsawo da faɗi, a kalmashe bakinsa kada ya zare, a wanke, a shanya a rana, a ninke. Kowace ta samu guda 8 zuwa 10, kuma kowace da kalar nata, don ba a aron ƙunzugu ko tsakanin uwa da ɗiya. Na fi son ƙyalle shimfiɗaɗɗe da ake ninkewa a kan wanda tela ya ɗinke da kauri, saboda shimfiɗaɗɗen ana warware shi ya wanku har ciki, ya bushe da wuri, kuma idan yana kan igiya babu mai cewa ba hankici ba ne. Mai duhun kala ya fi rufin asiri. Ki haɗa wa kowace kamfai uku masu kama jiki, don ƙunzugu ba ya zama sai da abin da zai riƙe shi.

Wanki da ruwan sanyi ake farawa. Ruwan zafi dafa jinin yake yi ya kama zaren, ya ƙi fita. A jiƙa, a murza, a zubar a masai ko a rami, sannan a sa sabulu a wanke sosai, a ɗauraye har kumfa ya ƙare, don sauran omo a jikin ƙyalle yana cin fata.

Shanya ce inda mata suka fi faɗawa matsala, shi ya sa zan daɗe a kanta. Na sha shiga ɗakunan mata na tarar an cusa jiƙaƙƙen ƙunzugu ƙarƙashin katifa, ko bayan randa, ko an ƙulle shi a leda. Kwana biyu ya yi fumfuna, a ɗauko a mayar jiki. Dalili biyu ne suke sa haka. Na farko kunya, musamman a irin zaman da kika kwatanta, gida uku a ɗaki biyu, samari suna shiga suna fita. Na biyu tsoron kada wani ya ɗauke ƙyallen ya yi mugun abu da shi, kuma ba zan raina wannan tsoro ba, da shi aka raini yawancinmu. To ga yadda za a kiyaye duka biyun kuma ƙyallen ya ga rana. Ki saka igiya mai tsawo da 'yan abubuwan maƙale shanya cikin kayanki. Ki shanya ƙyallen a warware, ki yafa masa siririn mayafi ko tsohon ɗankwali mai shara-shara a kai. Zafin rana da iska suna ratsawa, ido ba ya ratsawa. Ku matan gidan ku ware kusurwa guda, ku kewaye ta da zana ko tsohon zani ko buhunan da aka farke, ku sa tsohuwa ɗaya ta riƙa zama a bakin wurin da tazbaharta. Na ga an yi haka a inda mutane suka yi cunkoso, kuma babu namijin da ya doshi wurin. Da damina, in rana ta ƙi fitowa, a rataye kusa da murhu bayan an sauke tukunya, ko a bi shi da dutsen guga na gawayi har ya bushe ƙarau. Kafin a ninke a taɓa da bayan hannu. In da sanyi-sanyi, bai yi ba tukuna.

Sabulu ya fi auduga muhimmanci a wannan tanadi, kuma ba ya lalacewa. Duk ranar kasuwa da kika samu rarar canji, ki sayi sanda ɗaya ki yanka gida huɗu ki bar shi ya bushe, busasshen sabulu ya fi daɗewa. Ki ware ƙaramar roba mai murfi wadda ba a cin abinci a ciki, da buta, da ledoji baƙaƙe na ɗaukar wanda aka cire kafin a samu wurin wanki, da ƙaramar tocila. Ki raba kayan ƙulli uku, kowace ta ɗaura nata a jakar makarantarta ko a bakin zaninta. Kin san a ranar tashin hankali ba kullum uwa da ɗiya suke bin hanya ɗaya ba.

Ƙaramar nan kuma ki zaunar da ita cikin makon nan. Ki gaya mata abin da zai zo, ki nuna mata yadda ake ninke ƙyallen da hannunki, ki ce ta gwada. Na karɓi yara a asibiti waɗanda suka ga jini karo na farko a tsakiyar baƙi, suka zaci wani ciwo ne ya kama su, suka ɓoye har kwanaki. Yarinyar da ta riga ta tsorata da ƙarar bindiga bai kamata a bar ta da wannan tsoron ma ba.

Don ciwon mara ki ajiye farasitamol. Ibuprofen ya fi aiki a kan ciwon mara, amma sai an ci abinci, kuma mai gyambon ciki da mai juna biyu su bar shi. Ƙyalle mai ɗumi a mara yana taimakawa. Kada a yi matsi da kanwa, ko a wanke cikin gaba da Dettol ko ruwan omo da sunan tsabta. Ruwa mai kyau daga waje ya wadatar. A nemi asibiti ko da nisa idan jini yana cika ƙunzugu duk awa har awanni a jere, ko ya wuce kwana 7 yana zuba da ƙarfi, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari, ko yarinya tana jiri tana haki, cikin idonta da tafin hannunta sun yi fari. Wannan na ƙarshe ƙarancin jini ne, yana yawa a inda abinci ya yi ƙaranci. Busasshen zogale da wake ba su da nauyin ɗauka, ki sa su cikin tanadin.

TAMBAYA: Inna, ni magidanci ne daga Gummi. Ambaliyar 2024 ta rushe gidanmu, muka zauna a wata makarantar firamare. Ina cikin kwamitin unguwa da ya raba kayan agaji. Mun raba shinkafa da tabarmi da gidan sauro, sai daga baya maiɗakina ta gaya mini irin wahalar da mata suka sha wajen al'adarsu. Babu wadda ta faɗa mana. In Allah ya sake jarraba mu, me ya kamata mu maza mu yi?

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya mayar muku da abin da kuka rasa. Ba za su faɗa muku ba, kuma kada ku jira su faɗa. Ku sa mata biyu ko uku cikin kwamitin tun yanzu, ungozomar unguwa da malamar Islamiyya sun isa, ku ba su kaso daga kuɗin da kuke tarawa ba tare da kun nemi dogon bayani ba. Su za su sayi sabulu da auduga da kamfai da yadin atamfa, su kuma za su raba, a cikin aji guda da ƙofa a rufe. Idan namiji ne ya tsaya a fili da kwali yana kiran suna, budurwa za ta gwammace ta haƙura. Kada a manta da masu jego, jinin biƙi yana iya kai wa mako shida, buƙatarsu ta fi ta kowa.

Aikin da yake naku na ƙarfi shi ne ruwa da makewayi. Ruwan ambaliya ya riga ya bi ta masai da shara da mushe, har rijiyar da ya shiga ba ta da aminci. Mace ba za ta yi tsarki da shi ba, ba za ta wanke ƙunzugu da shi ba. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, sai an tafasa ko an sa maganin tsabtace ruwa irin su Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin fakitin. Ma'aunin da masu aikin agaji suke bi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana, don sha da girki da tsabta, wato jarka mai lita 25 ba ta kai wa mutum biyu. In kuna rabon ruwa, ku ƙara wa ɗakin da 'yan mata suka fi yawa, ba sai an tambayi dalili ba.

Ku ware makewayin mata daban da na maza, da ƙyaure da sakata ta ciki da fitila a hanya, kuma a sa shi inda ba sai mace ta ratsa majalisar maza za ta isa ba. A ajiye durum mai murfi a ciki don audugar da aka yi amfani da ita, a riƙa ƙonawa ko binnewa nesa da rijiya. In aka bar ta tana shiga masai, nan da nan ramin zai cika. Ku kuma roƙi limaminku ya tunatar a fili cewa idan ruwa ya gagara, taimama tana tsayawa a madadin wankan tsarki har a samu ruwa. Mata da yawa sun san hukuncin, amma jin sa daga bakin liman yana sauke musu nauyi.

TAMBAYA: Inna, tun da muka baro garinmu a yankin Zurmi wata biyu ke nan ban ga al'adata ba. Shekarata 19, ban yi aure ba. Ina jin tsoro.

AMSA: Ɗiyata, firgici da yunwa da rashin barci da rama suna iya tsayar da al'ada wata ɗaya ko biyu, kuma yawanci tana dawowa da kanta idan hankali ya kwanta aka samu abinci. Kada ki sha wani jiƙo ko ƙwaya don ki tilasta mata zuwa. In ta kai wata uku ba ta zo ba, ki je asibiti a duba ki.

Akwai maganar da zan ƙara, ke da duk wadda ke karanta wannan shafi. Idan wani ya ci zarafinki a hanya ko a daji, laifin ba naki ba ne, kuma ki je asibiti yanzu, kada ki jira wata ukun. Ki nemi ganin ma'aikaciya mace, ki ce maganar sirri ce, aikinta ne ta riƙe miki. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Ko waɗannan kwanaki sun wuce, akwai gwajin ciki da na cututtuka da magungunan da za a ba ki. Ki tafi da yayarki ko gwaggonki, wadda kika fi amincewa da ita.