Me ya sa kifin bass ba ya kama ƙugiyata?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi kifin roba kala-kala na sawa a ƙugiya, kana wuni a bakin ruwa amma bass ko kallonsu ba ya yi. A ganina matsalar tana wurin da kake jefawa.

Bass kifin kwanton ɓauna ne. Yana laɓewa gindin ciyawa, ƙarƙashin kututturen da ya nutse ko gefen duwatsu, yana jiran ƙaramin kifi ya gifta. Can za ka jefa, da asuba ko gab da magariba.

Sanda mai tsawon kamar mita 2, mai matsakaicin tauri, da zare mai ɗaukar kilo 5 zuwa 6 sun wadatar. Fara da tanar roba. Ka soke ƙugiya ta kan tanar, ka juyo tsinin ka cusa shi cikin jikin robar, ka sa 'yar dalma a gaba. Haka za ta ratsa ciyawa ba ta maƙale ba. Bari ta kai ƙasa, ka ɗan ɗaga sandar, ka dakata. Sau da yawa a wannan dakatawar zaren zai yi tik, ko ka ga yana tafiya gefe shi kaɗai. Ka naɗe zaren har ya miƙe, sannan ka fizga.

Gaggawa ce ta fi cutar masu farawa, musamman in ruwa ya yi sanyi. Kalar robar kuwa, in ruwa garau ne, sa kore ko ruwan ƙasa. Mai laka, baƙi.

Lasisi da lokacin da aka hana kamu saboda ƙwai kuwa, hukumar kifi ta yankinku za ka tambaya.